Wane Fenti Ya Dace Da Mai Son Mayar Da Marfin Wili Baƙi?

Mai son mayar da marfin wilin motarsa baƙi da hannunsa yana da hanyoyi uku: fentin feshi na yau da kullum, ko sitika, ko fentin roba mai ɓaruwa. Sitika tana da wuyar kwanciya a kan lanƙwasar marfi, fentin feshi kuwa yana buƙatar gugar samfefa, kuma tsakuwa na dukansa ya fara ɓantarewa.

A ganina fentin roba ya fi su, kuma a cikinsa Plasti Dip nake fifitawa. Wani kamfani da ke jihar Minnesota ta Amurka ne yake yin sa tun 1972, asali domin rufe mariƙin kayan aiki. Idan ya bushe yakan zama fata mai taushi wadda ke jure ruwa da rana, ranar da mutum ya gaji da baƙin kuma sai ya kama gefe ya ɓare ta, azurfar marfin ta fito yadda take. Sharaɗinsa shi ne kauri. A cire marfin, a wanke da sabulu, a bari ya bushe sarai, sannan a fesa hawa huɗu ko biyar, ana barin kimanin minti 30 tsakanin kowane hawa, kuma kada a mayar da shi kan mota kafin awa 4. Wanda ya yi tsumulmula ya tsaya a hawa biyu zai sha wahalar cirewa. A lokacin hunturu a yi feshin inda iska ke shiga amma ƙura ba ta sauka. Fetur yana narka shi, don haka a gargaɗi masu wankin mota. Fentin roba mai suna Peel Coat na kamfanin Rust-Oleum ma yana aiki idan ba a samu wancan ba.

Babbar matsalar ita ce jabu. An taɓa sayar mini da gwangwanin da aka rubuta roba a jikinsa, ashe fenti ne kawai, ya manne ya ƙi ɓaruwa, sai da aka kankare marfin har ya lalace. Tun daga nan ba na yarda da rubutun jikin gwangwani. Na asali yana ɗauke da giram 311, saboda haka a ɗaga a ji nauyinsa, a duba ko akwai tsatsa a gindinsa, a kuma kula da rubutu mai dusashewa ko takardar da aka manna a kan wata. Araha mai yawa abin zargi ce. Mafi aminci shi ne a sayi gwangwani ɗaya tukuna, a fesa hawa huɗu a kan gilashi, washegari a ja. Na gaske zai miƙe ya taso gaba ɗaya, jabu kuwa farce ba zai ɗaga shi ba. Sai an ga haka a koma wurin mai shagon a sayi sauran, domin marfi huɗu yakan ci gwangwani biyu zuwa uku.