Faifan ɗaga bayan babur ɗin ƙanƙara: abin da na gani bayan hunturu guda

Na shafe hunturun bana ina hawa babur ɗina na dusar ƙanƙara a lardin Manitoba na ƙasar Kanada da wasu faifai biyu da na yanka da hannuna domin ɗaga bayansa, kuma yanzu da ƙanƙarar tafkin Winnipeg ta fara saki, zan faɗi yadda suka yi mini aiki.

Babur ɗin tsoho ne, bayansa ya zauna, har matakan ɗora ƙafa sukan kwanta a kan dusa mai zurfi, bel ɗin roba da ke tura babur ɗin a maimakon taya ya yi ta juyawa a banza yana haƙa rami. Firam ɗin da ke ɗauke da sifirin da shokazoba yana cikin bel ɗin ne, an ɗaure shi da kusoshi a jikin rufin alminiyam da ke ƙarƙashin kujera. Idan aka sauke ramin da sandar bayan firam ɗin take shiga, gangar jikin sai ta tashi sama, aikin faifan ke nan.

Na yi amfani da alminiyam samfurin 6061 mai kaurin milimita 6, na sauke ramin da santimita 5. Na fara fitar da siffar a jikin kwali, sannan na haɗa faifan biyu na matse su wuri guda na huda su lokaci ɗaya, domin idan ramin hagu ya saɓa wa na dama ko da kaɗan ne, bel ɗin zai riƙa gudu gefe yana cin robar da yake sulɓi a kanta. Na guji baƙin ƙarfe da gangan, saboda gishirin da ake watsa wa tituna yana fantsama kan babur a bisa tirela, kuma inda ƙarfe ya haɗu da alminiyam cikin ruwan gishiri, alminiyam ɗin ne yake cinyewa.

A cikin dusa mai laushi na ji daɗinsu ƙwarai. Tudun dusar da iska take tarawa a bakin tafki, wanda a da sai na sauka na yi ta haƙa da shebur, yanzu nakan haye shi ina jan kayan kamun kifi a baya.

Sai dai ɗaga baya yana tura nauyi kan ƙafafun gaba masu sulɓi a kan dusa, saboda haka kan babur ya yi nauyi, kuma a kan hanyar da aka daddale yakan fizge ni hagu da dama yana bin sawun wasu. A kwana kuma yana son ɗaga ƙafa ɗaya. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne zafin inji: robar da ke rataye a baya ta yi nisa da ƙasa, ta daina mayar da dusa kan bututun sanyaya ruwan inji, har fitilar gargaɗi ta kama wata safiya a tsakiyar tafki. Da na sa roba mai tsawo, na kuma sake daidaita ɗaurin bel, matsalar ta kau.

Bayan wata uku na kwance su na duba, babu tsaga, ramukan ma ba su buɗe ba. Zan mayar da su baɗi, amma ba zan wuce santimita 5 ba, kuma wanda hawansa duk a kan daddalalliyar hanya yake, gara ya gyara sifirin ɗinsa ya bar firam ɗin inda masu ƙira suka sa shi.