Sabuwar rauta ko ZeroTier don sabar Minecraft a gida

Ƙanena, ka tambaya yadda abokanka za su shiga sabar Minecraft ta gidanka daga nesa. Tsakanin sayen sabuwar rauta mai SIM don ka buɗe fot (ƙofar da za su bi ta intanet su iso kwamfutarka) da kuma saka ZeroTier (manhajar da ke haɗa na'urori na nesa kamar kan wifi ɗaya suke) a kwamfutarka, ka saka ZeroTier kawai, kuɗin rautar nan ka zuba su a forfe, wato data, ya fi maka.

Ni shi nake amfani da shi a nan Garwa. Wata tsohuwar laftof ce da batirinta ya mutu tuni, na ajiye ta a kan benci kusa da fanka, ita ce sabar, wato kwamfutar da kowa ke shiga ya yi wasan. Ɗan yayata yana Marwa, wani abokinmu a Kusuri, ɗaya kuma ya haye gada yana Njamena, duk dare bayan isha'i muna ciki, har yaron nan ya gina masallaci da hasumiya biyu a cikin wasan yana kirana a waya wai kawu zo ka gani. Kuma babu abin da na taɓa a rauta. Rajista za ka yi a shafin ZeroTier kyauta, ka ƙirƙiri rukuni, su ba ka lamba mai haruffa 16, ita za ka tura wa abokanka su saka a manhajar, kai kuma ka shiga ka amince da kowa ɗaya bayan ɗaya. Daga nan kowa ya samu IP nasa, wato lambar adireshin na'urarsa, kamar a ɗaki ɗaya kuke, su rubuta naka a wasan shi ke nan. Yana aiki a Windows da Android da Linux. Aibinsa ɗaya dai, wani lokaci idan rezo ya ƙi haɗa ku kai tsaye sai ya zagaya da ku ta sabarsu, wasan ya ɗan yi nauyi.

Rauta mai SIM kuwa ina da ita, wifi take bayarwa, iyakarta ke nan. Wurin buɗe fot yana nan a cikin setin nata amma yawancin layukan waya suna bayan abin da ake kira CGNAT, wato mutane da yawa ne kan IP guda. Kamar gidan haya ne, ka buɗe ƙofar ɗakinka amma makullin zaure yana hannun mai gida. In kana so ka tabbatar, duba adireshin shiga setin a takardar da ke manne a bayan rautar, galibi 192.168.8.1 ne ko 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, ka rubuta shi a burauza ka shiga ka ga IP na WAN, wato wanda kamfanin waya ya ba rautar. In ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, ko bai yi daidai da wanda intanet ke nuna maka ba, to kar ka wahalar da kanka.

Sai fa in layin fiba gare ku mai IP naku na kanku, nan kam buɗe fot ya fi, don abokai ba sai sun saka komai ba. Ka ɗaure wa kwamfutar IP guda a sashen DHCP na setin rautar kar ya riƙa canzawa, ka tura mata fot 25565 TCP in Minecraft ɗinku nau'in Java ce, 19132 UDP in nau'in Bedrock ce, ka bar shi ya wuce a katangar tsaron Windows. DMZ kuma, wani sashe ne a setin rautar, kar ka saka kwamfuta a ciki ko wa ya ce maka, duk ƙofofinta yake barinsu a buɗe.

Ka yi hattara da wasu masu shagon waya a kasuwa, za su rantse maka wai rautar "debloke" ce, tana buɗe kowane fot. Debloke ɗin nan ma'anarsa tana karɓar SIM na kowane kamfani, bai shafi IP ba ko kaɗan. Wasu ma tsohuwa ce suka goge suka mayar a kwali. In dole sai ka saya, su kunna ta a gabanka da SIM ɗinka, ka ga IP na WAN da idonka kafin sefa ɗaya ta fita daga aljihunka.