Kafin ka kashe kuɗin furojet ɗinka kan kayan shiga daji

Duk shekara sai na ga ƴan ajin ƙarshe na bayoloji da botani sun tashi hankalinsu wai supabaiza ya ce a je fil a ƙirga ciyayi ko tsuntsaye, sai kawai su buɗe intanet su fara jera kaya masu tsada a lis. Tsaya tukuna. Me za ka ƙirga? Amsar nan ita za ta gaya maka inda kuɗinka zai tafi, don rabin kayan nan a bakin kasuwarku za a haɗa maka su.

Kwadrat dai kar ka kuskura ka yi odarsa daga waje, murabba'i ne kawai mita 1 a mita 1 da kake ajiyewa a ƙasa ka ƙirga abin da ya faɗo ciki, gamba ne ko kyasuwa ko tafasa. Na rodi da mai walda zai maka yana da ƙarko kuma yana kwanciya sosai a ƙasa, amma ka ɗauke shi kilomita biyu a rana za ka gane kurenka, ga zafi yana ɗauka kamar an sa shi a wuta, ga shi ba ya shiga bayan mashin. Na katako yana lanƙwashewa in ya sha ruwan damina. Ni na bututun roba na masu aikin famfo na fi so, guda huɗu da elbo huɗu, kar ka sa gam, ka warware ka zuba a buhu, in ka isa ka haɗa. Kuma inda gamba ta yi tsayi sai ka cire gefe ɗaya ka zura shi ta ƙasa maimakon ka danne ciyawar. In bishiyoyi ne irin su marke da kanya da ɗorawa kamar a dajin Falgore to mita 1 wasa ne, igiya da turaku za ka nema ka kewaye fili kamar mita 20 a 20.

Tef ɗin awo kuwa a nan kar ka yi rowa. Na ƙarfe yana tsatsa kuma in ya karye shikenan, na zaren gilashi da ake naɗewa da hannu shi ne na daji. Mita 30 zai sa ka ta cirewa kana sake kafawa, mita 100 ya cika nauyi kuma yana sarƙewa a cikin sabara da geza, 50 ya ishe ka jan layin tiransek, wato miƙaƙƙen layin da kake bi kana ƙirga abin da ke kansa. Don kaurin bishiya akwai tef na musamman da yake ba ka faɗin gindi kai tsaye, amma wallahi tef ɗin tela ma ya yi, ka auna kewayen a tsayin mita 1.3 daga ƙasa ka raba da 3.14.

Sai rigimar GPS da waya. Garmin eTrex batir biyu na AA yake ci ya kai ka yini har ya kwana, baya jin ƙura baya jin yayyafi. Waya ma tana kama wuri ko babu netwok, in fili a buɗe yake kuskurenta ƴan mitoci ne, matsalarta caji da zafin rana, tana iya ɗaukewa tsakar rana kana tsakiyar aiki. In sati ɗaya ko biyu za ka yi, waya da pawa bank sun wadatar, ka kuma rubuta lambobin a littafi da fensir, ba biro ba, gumi yana wanke biro. In aikin mastas ne da za ka yi ta komawa wuri ɗaya damina da rani, nemi Garmin, ko aro a dipatmen.

Masu tsuntsaye, ku ne dole ku buɗe aljihu. In fadamun Hadejia-Nguru za ka ko Dagona lokacin sanyi, sanda tsuntsayen Turai ke sauka su haɗu da su kirinjijiya da ɗinya, madubin hangen nesa shi ne aikin gaba ɗaya. 8x42 ya fi 10x50 a wajena (lambar farko sau nawa yake girmama abu, ta biyu faɗin gilashin gaba a milimita), ya fi sauƙi a wuya, yana nuna fili mai faɗi, kuma in kana cikin kwalekwale yana rawa tsakanin kachalla na 10 ɗin hoto zai ta tsalle ne kawai. Waɗancan masu arha da aka rubuta wa 60x60 a jiki, ƙarya ce, ciwon kai za su ba ka.

Ƙwari ba su da tsada. Kofunan roba a binne bakinsu daidai da ƙasa, ɗan ruwa da ɗigon sabulu, da safe ka kwashe ka zuba a sifirit. Ragar kamu ma tela zai ɗinka maka, sai dai ta gidan sauro ta kama malam-buɗe-littafi ce kawai, in za ka share ciyawa da ita sai yadi mai kauri, ƙarangiya ɗaya ta yaga gidan sauro.

Kyamarar da ake ɗaure wa a bishiya ita ce ke ruɗar mutane, kowa yana so. In ba dabbobi masu yawon dare kake bi ba, irin su dila da tunku da beguwa, ka bar ta. Bushnell da Browning suna da dama-dama, Reconyx ta manyan masu bincike ce. Amma guda ɗaya ba za ta ba ka bayanin da za ka kare furojet da shi ba, kana buƙatar da yawa, kowacce ga batira ga memori, kuma zafin jiki take ji, to a watan Afrilu da ƙasa ta ɗau zafi dabba na iya wucewa ba ta ɗauka ba, ko iska ta kaɗa ciyawa ta cika maka memori da hoton banza. Ga ɓarayi, ga gobarar daji da kaka. In a Yankari ne ma sai ka fara samun izini a rubuce da ɗan rakiya, kuma ka saya mata akwatin ƙarfe da kwaɗo, don birrai na wajen ba abin da ba sa taɓawa.