Hitar Ariston mai lita 30: tana da ƙarko, amma sai an buɗe cikinta kafin hunturu

A yawancin gidajen Kano, Kaduna da Jos, hitar banɗaki tana kwana a kashe tun daga Maris, ba a tuna da ita sai sanyi ya kama a ƙarshen Nuwamba. Lokacin ne kuma masu gyaran famfo suke cika da kira. Ariston, ƙirar kamfanin Italiya, tana cikin waɗanda aka fi gani a bango, musamman mai lita 15 da mai lita 30.

Wajen aiki ba ta da laifi. Mai lita 30 da ƙarfen dumama na wat 1,500 tana ɗaga ruwa daga digiri 20 zuwa 60 cikin kusan awa ɗaya, idan wuta ta kai bolt 230. Idan wutar unguwa ta sauka zuwa 180, ƙarfin yana komawa wajen wat 900, sai a jira awa ɗaya da rabi. Mutane da yawa kan ɗauka hitar ce ta lalace, alhali wutar ce ba ta cika ba. Lita 30 ta ishi mutum biyu wanka idan ana surkawa da bokiti. Gida mai yara da yawa ya nemi mai lita 50.

Raunin nata yana ciki, inda ido ba ya gani. Tankin ƙarfe ne da aka shafe da wani rufi mai kama da gilas, kuma a gefen ƙarfen dumama akwai ɗan sandan maganiziyam da ake kira anod. Aikinsa shi ne tsatsa ta ci shi maimakon ta ci tankin. In ya ƙare, tanki zai fara hujewa, kuma tankin da ya huje ba a walda shi, sai dai sabuwar hita. Ruwan burtsatse mai gishiri-gishiri yana saurin cinye anod ɗin, yana kuma tara farin ɓawo a jikin ƙarfen dumama. Ɓawon nan ne ke sa a ji ƙara kamar ana tafasa wake, daga baya ƙarfen ya ƙone.

Gyaran ba ya wuce awa biyu a hannun wanda ya san aikin. A kashe wuta daga babban akwatin gida, ba makunnin bango kaɗai ba, a gwada da testa. A rufe ruwan shiga, a buɗe famfon zafi, a zubar da ruwan ta ɓangaren bututun sanyi. A cire murfin roba, a zare na'urar daidaita zafi, a kwance notocin, ƙarfen dumama zai fito tare da anod. A kwashe lakar da ta kwanta a ƙasan tanki da hannu. Ƙarfen dumama a jiƙa shi cikin binega na wasu awanni, ba tare da an jiƙa wurin haɗa waya ba. Kada a kankare shi da wuƙa, domin fatarsa siririya ce. Anod idan fiye da rabinsa ya cinye, a canja. Robar bakin tankin da ke hana yoyo kuwa a sa sabuwa ko da tsohuwar tana da kyan gani, don da wuya ta sake riƙe ruwa.

Kuskuren da ya fi kashe hita yana zuwa a ƙarshe: kunna wuta kafin tanki ya cika. A bar famfon zafi a buɗe har ruwa ya fito sosai babu tarin iska, sannan a kunna. Ƙarfen da aka kunna a bushe yana ƙonewa nan take.

Sai bawul ɗin kariya da ke kan bututun ruwan sanyi, wanda ke sakin ruwa idan matsi ya yi yawa a cikin tanki. Ɗigar da yake yi lokacin dumama daidai ce, ruwa ne ke kumbura. Wasu masu gyara kan toshe bakinsa don matar gida ta yi ƙorafin jiƙa bango. Wannan ganganci ne. A sa masa siririn tiyo zuwa magudana, a kuma ɗaga hannunsa a tabbatar ruwa na fita. Haka wayar da ke sauke wuta ƙasa: gidaje da yawa ba a haɗa ta ba, kuma a banɗaki wannan batun rai ne.

Zafi a tsaida shi wajen digiri 60. Sama da haka ɓawo ke ƙaruwa, ƙasa sosai kuma ƙwayoyin cuta kan samu wurin zama. Kayan gyaran hitar suna samuwa a shagunan kayan famfo, sai dai jabu sun yi yawa, don haka a tafi da tsohon ƙarfen a gwada tsayi da wat ɗinsa kafin a biya.