Wace roba za ka saya don buga bodin motar rimot a gida?

Duk mai wasa da motar rimot ya san bodi ne ke fara mutuwa. Inji lafiya lau, tayoyi garau, amma bodi ya tsage a wajen ramukan maƙalawa, hanci ya farfashe. Sabo kuma sai an yi oda daga waje, wani lokaci kuɗin kawowa ya kusa kamo kuɗin kayan, domin girman kwali ake biya. Shi ya sa wasunmu muka koma bugawa a gida. A sassaƙa samfurin mota da katako, a ɗaure fallen roba a firam, a gasa shi har ya saki jiki, a kifa shi kan samfurin, sai injin zuƙar iska ya janye iskar da ke ƙasa ta ramukan tebur, robar ta kwanta ta ɗauki siffar motar. Haɗa teburin aikin kafinta ne na yini guda. Wajen sayen roba ne kuɗin mutum ke salwanta.

Ni dai polikabonet nake saye, shi kuma nake ba kowa shawara ya saya. Shi ne wanda ake kira Lexan ko Makrolon. A 1953 aka gano shi a wurare biyu, Hermann Schnell a kamfanin Bayer na Jamus da Daniel Fox a General Electric na Amurka, kuma a 2007 kamfanin SABIC na Saudiyya ya sayi sashen robobi na General Electric ɗin. Da shi ake yin garkuwar 'yan sandan kwantar da tarzoma, da shi kuma kamfanonin kayan motar rimot irin su Tamiya da Traxxas da Pro-Line suke buga bodin motocin tsere. Mota ta daki bango da gudu, bodin ya loɓa ya dawo daidai. Ka yanka shi da almakashi ya bi hannunka ba gardama. Tunda garau yake, ta ciki ake masa fenti, don haka ko motar ta kife ta ja bayanta a kan kwalta, robar ce ke ƙujewa, launi na nan daram.

Sai dai yana da wuyar sha'ani, gara ka sani tun kafin ka biya. Yana shan danshin iska, musamman da damina. In ka gasa shi haka nan, ruwan da ke cikinsa zai tafasa, ƙananan kumfa su cika fallen kamar fuskar waina, kuma ba gyara. Dole a fara busar da shi a oben a kan digiri 120 na ma'aunin Celsius, awa ɗaya zuwa biyu ga falle mai kaurin milimita 1, sannan a buga shi nan take kafin ya sake shan iska. Ba ya fara laushi sai wajen digiri 147, ba ya buguwa da kyau sai tsakanin 180 da 200, kuma da ka fito da shi daga wuta 'yan daƙiƙu kaɗan gare ka kafin ya sandare. Saboda haka a ɗumama samfurin tukuna, tebur ya kasance dab da oben. Hitar gasa roba mai wat 2000 ta fi ƙarfin ƙaramin janareta, ka lissafa wannan a cikin kuɗin. Injin sharar ɗaki mai zuƙa yana iya jan falle siriri, amma layukan ƙofa da na fitila ba za su fito sosai ba. Tsohon kwamfuresan firij daga wajen masu gyara, a haɗa shi da tankin iska da famfon buɗewa, ya fi shi nesa ba kusa ba. Da hunturu kuma ka goge fallen da samfurin sosai, domin robar na jawo ƙura, kowace ƙwayar ƙura kuma sai ta bar tabo.

Kauri: ga mota mai sikeli 1/10, wato mai tsawon kashi ɗaya cikin goma na motar gaske, milimita 0.75 zuwa 1. Ga manyan 1/8 masu tsalle a kan tudu, 1 zuwa 1.5. Ka tuna robar na miƙewa yayin da take gangarowa gefen samfurin, gefen ƙasa kullum ya fi rufin siranta.

Robar da ake kira PETG, shi ne zaɓi na biyu, kuma ban raina shi ba. Garau yake, ba ya bukatar busarwa, yana buguwa a wajen digiri 140, ga sauƙin kuɗi. Mai koyo ya fara da shi, ya ɓata falle biyar bai ji ciwo ba. Amma tun daga digiri 80 yake fara sakin jiki, don haka kusa da salansar injin mai yana lanƙwashewa, kuma ban yarda in bar shi a cikin rufaffiyar mota da ranar watan Afrilu ba. In ya sha karo da yawa tsagewa yake.

Sauran robobin kuwa, HIPS fari ne, na motar ajiya a kanta ne. ABS shi ma sai an busar, ga shi ba a ganin ciki. PVC in ya ƙone yana fitar da hayaƙin asid mai cin huhu, kada ka sa shi a oben. Akirilik kuwa fashewa yake, ba shi da wuri a wannan aikin.

To a kan akirilik ɗin nan ne ake cutar mutane. A shagunan masu kayan allon talla, duk roba mai garau suna ɗaya gare ta, kuma in ka ce polikabonet kake so, amsar da za ka ji ita ce "akwai, Alhaji, shi ne wannan". Wani mai shago ya taɓa karɓar kuɗin polikabonet a hannuna ya naɗo mini akirilik. Ya bugu sumul, ya yi kyau a ido, ina sa almakashi a wajen taya sai tsaga ta tafi tun daga ƙasa har rufi. Da na koma, ya rantse duk abu ɗaya ne. Tun daga nan ba na fita sayen roba sai da almakashi da abin awon kauri a aljihu.

Ka nemi ɗan guntu daga ainihin fallen da za a ba ka, kada ka karɓi wanda aka ciro daga ƙarƙashin kanta. Ka ninke shi biyu. Polikabonet zai ninku ya tsaya a haka, akirilik zai ɓalle ƙas. Ka yanka gefe da almakashi, na gaske yana fita santal, jabu yana tsattsagewa. Ka duba bakin fallen a haske, na akirilik yana ƙyalli fes, na polikabonet yana da ɗan duhu mai shuɗi-shuɗi. Wanda ya hana ka gwadawa ya riga ya ba ka amsa.

Ninkewa ba ta tona asirin PVC, domin shi ma yana ninkuwa. Nasa gwajin a waje ake yi: ka gasa wayar tagulla har ta yi ja, ka dangwala ta a guntun robar, ka mayar da ita cikin wutar. In harshen wutar ya koma kore, akwai kulorin a ciki, PVC ne. Wannan ya fi shafar masu oda ta intanet, inda za ka ga talla ɗaya an jera PC (wato polikabonet) da PET da PVC a kanta da farashi mai daɗi. Araha ba ta ado. In mai sayarwa bai faɗi roba ɗaya tak da sunan kamfanin da ya yi ta ba, ka wuce.

Akwai kuma cutar kauri. A ce maka milimita 1, a auna da ledar kariya a manne gaba da baya. Ka ɗaye ledar a kusurwa ka auna da kanka, a wuri biyu ko uku. Ledar da aka buga wa suna ma ba hujja ba ce ita kaɗai, sai gwajin ya gaskata ta. Tsohon falle da ya daɗe a rana har ya fara rawaya, ƙarfinsa ya ragu, kada ragin farashi ya ruɗe ka.

Ko polikabonet na gaske ma ba kowane iri ke buguwa ba. Na rufin rumfa mai ramuka a ciki ba ya yi. Wanda aka shafa wa maganin hana ƙujewa, irin su Lexan Margard, shafen ne ke tsattsagewa idan robar ta miƙe, ga shi ya fi tsada, sai mai shago ya ce maka ai shi ne babba. Sumul ɗin da ba a shafa masa komai ba kake so.

Fenti ma haka. Fentin gwangwani irin wanda ake fesa wa ƙarfe ɓarewa yake da zarar bodi ya lanƙwasa. A kayan Tamiya, gwangwani mai alamar PS shi ne na polikabonet, mai TS na roba mai tauri ne, kuma sun yi kama a kanta, sai ka karanta. Ka wanke cikin bodin da sabulun wanke-wanke ya bushe, ka fara fesa launuka masu duhu, masu haske su biyo baya.