APA ko MLA: Wanne Ya Kamata a Fara Koya wa Ɗaliban Sakandare?

Malama, kin tambaya wane tsari ya fi dacewa ki ɗora ɗalibanki na babbar sakandare a kai wajen tsara muƙala da kawo madogara, domin wasu abokan aiki sun ba ki shawarar APA, wasu kuma sun nace sai MLA, ga shi zangon karatu ɗaya tak ne a hannunki. Na koyar da duka biyun, kuma ra'ayina shi ne mai koyar da harshe ko adabi ko tarihi ya fara da MLA, mai koyar da darussan kimiyya kuwa ya fara da APA. Zan jera miki su domin ki ga dalili da idonki.

Asalin kowannensu ne ya haifar da bambancin. Tsarin APA na Ƙungiyar Masana Halayyar Ɗan Adam ta Amurka ne, ya faro daga wata gajeriyar maƙala da aka buga a 1929, kuma bugu na bakwai na littafin ƙa'idojinsa ya fito a 2019. Tsarin MLA kuwa na Ƙungiyar Harsunan Zamani ne, wadda aka kafa a 1883, ta fitar da takardar ƙa'idojinta a 1951, bugu na tara na littafinta kuma ya fito a 2021. Ke nan na farko masu bincike da gwaji ne suka ƙirƙire shi, na biyu kuma masu nazarin nassi.

Inda bambancin ya fi fitowa fili shi ne a cikin jikin muƙala. Idan ɗalibi ya ɗauko ra'ayin wani marubuci, a tsarin APA zai sa sunan marubucin da shekarar bugu a cikin baka biyu, kamar haka: (Wane, 2018). A tsarin MLA kuwa sunan marubuci da lambar shafi zai sa, babu waƙafi a tsakani, kamar haka: (Wane 40). Masanin kimiyya yana son ganin shekara tun kafin ya karanta da'awar, saboda sakamakon binciken da aka yi a 1998 yana iya zama an gyara shi ko an rushe shi a 2022. Manazarcin adabi kuwa bai damu da tsufan waƙa ba, abin da yake nema shi ne wurin da baitin yake domin ya je ya karanta shi a muhallinsa.

A nan ne na fi ba MLA fifiko ga mai koyo. APA ta wajabta lambar shafi ne idan an ɗauko maganar marubuci kalma da kalma, amma idan ɗalibi ya faɗi ra'ayin da kalmominsa, ƙarfafa masa gwiwa kawai ta yi ya sa shafin, ba ta tilasta shi ba. Ɗalibi ɗan shekara goma sha shida yakan gane wannan sassauci da wuri, sai ki ga muƙala mai shafi uku cike da sunaye da shekaru, alhali bai buɗe ko ɗaya daga cikin littattafan ba, ya dai kwaso su ne daga rubutun wani. MLA tana neman shafi ko an ɗauko magana yadda take ko an sake ta, muddin madogarar tana da shafuka. Wannan ƙaramar lamba ita take tilasta wa yaro ya riƙe littafin a hannunsa, ya bi layi da yatsa, ya tabbatar cewa abin da ya jingina wa marubucin yana nan. Ita ce kuma take ba ki damar ɗaukar muƙala ɗaya, ki buɗe shafi na 40 a gaban mai ita, ku duba tare. Duk lokacin da na yi haka a mako na biyu, muƙaloli na mako na huɗu sukan zo da madogara kaɗan, amma na gaskiya, kuma na fi son madogara biyu da aka karanta a kan goma da aka ara.

Idan aka koma jerin manazarta na ƙarshen muƙala, dole in yi wa APA adalci, domin a nan ta fi saurin zama a ƙwaƙwalwa. Tambayoyi huɗu take yi: wa ya rubuta, yaushe, mene ne sunan aikin, kuma a ina ake samunsa. Ana rubuta sunan ƙarshe na marubuci, sai haruffan farko na sauran sunayensa, sai shekara a cikin baka biyu. Inda take wahalar da ɗalibai shi ne manyan haruffa, saboda sunan littafi ko maƙala yana ɗaukar babban harafi a kalmar farko ta take da ta ƙaramin take da sunayen yanka kawai, sunan mujalla kuwa yana ɗauka a kowace muhimmiyar kalma. MLA, tun daga bugu na takwas na 2016, ta tattara komai a ginshiƙai tara: marubuci, sunan aiki, sunan mazubin da aikin yake ciki, sauran masu hannu, bugu, lamba, mawallafi, ranar wallafa, da wuri. Tara sun fi huɗu nauyi, amma tunanin mazubi yana da matuƙar amfani. Waƙa tana cikin diwani, maƙala tana cikin jarida, bidiyo yana cikin YouTube, kuma da zarar ɗalibi ya fahimci cewa yana neman abu ne da abin da ya ƙunshe shi, zai iya kawo madogarar da bai taɓa ganin misalinta a allo ba.

Akwai wani bambanci da ake yawan mantawa da shi, ga shi kuma yana da muhimmanci idan za ki tura ɗalibai su yi hira da mutane. A tsarin APA, hirar da ɗalibi ya yi da kansa ana ambata ta ne a cikin muƙala kawai, ba ta shiga jerin manazarta, bisa hujjar cewa mai karatu ba zai iya zuwa ya dubo ta ba. MLA tana ba ta gurbi a jerin, da sunan wanda aka yi hirar da shi da ranar da aka yi ta. Ga darasin tarihi ko adabin baka, ina ganin wannan ya fi dacewa, domin yana nuna wa yaro cewa wanda ya ba shi labari da baki ya cancanci a rubuta sunansa kusa da wanda ya wallafa littafi.

Ta fuskar tsarin shafi kusan ɗaya suke. Duka biyun suna son tazarar layi biyu, da inci ɗaya a kowane gefe, da tura farkon sakin layi ciki da rabin inci, da jera manazarta bisa tsarin abacada. APA tana buƙatar shafin take na musamman, MLA kuwa layi huɗu ne a saman shafin farko ta hagu: sunan ɗalibi, sunan malami, darasi, da kwanan wata. Doguwar magana da aka ɗauko ana ware ta daban idan ta kai kalma 40 a APA, ko ta wuce layi huɗu na zube a MLA. Darasi ɗaya ya isa wannan.

Wataƙila wani zai ce miki ina aka bar tsarin Shikago, wanda ya faro a 1906 kuma masana tarihi suke ji da shi. Yana da kyau ƙwarai, amma bayanan ƙasan shafi da ake kawo madogara da su a cikinsa suna wahalar da mai rubutu da hannu, tunda sai ya ƙiyasta filin da zai bari a ƙasa kafin ya cika shafin, don haka nakan ajiye shi sai ɗalibai sun ƙware a ɗaya daga cikin biyun nan.

Ko wanne kika zaɓa, ki tsaya a kansa har ƙarshen zangon, kuma ki fara daga lokacin karatu, kada ki bari sai an zo rubutu. Yawancin abin da muke kira satar rubutu a wannan mataki yana faruwa ne saboda yaro ya kwafi jimla a littafin rubutunsa ba tare da alamar zance ba, bayan kwana goma ya manta cewa ba tasa ba ce. Ni nakan sa su raba shafi gida biyu da layi. A hagu su rubuta maganar marubuci cikin alamar zance tare da shafinta, a dama su rubuta abin da suka fahimta bayan sun rufe littafin, a sama kuma su cika bayanan madogarar kafin su karanta ko layi ɗaya. Wanda ya rubuta "intanet" ko "Google" a matsayin madogara nakan mayar masa da takardarsa ya nemo sunan marubucin da sunan shafin da ranar wallafa.

Manhajoji irin su Zotero da sashen manazarta na Microsoft Word suna tsara jerin cikin daƙiƙu, kuma babu laifi a yi amfani da su bayan ɗalibi ya rubuta aƙalla goma da hannunsa, domin abin da aka zuba musu suke fitarwa, har da kuskuren. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira kuwa sukan ƙago littafi da marubuci da shekara waɗanda babu su sam, saboda haka ki sa sharaɗi tun ranar farko cewa duk madogarar da aka kawo, mai ita zai iya nuna miki shafin ko hotonsa idan kin nema. Wajen ba da maki, nakan ware kaso mafi girma ga dacewar abin da ke cikin baka biyu da abin da ke cikin jerin manazarta, da kuma gaskiyar lambar shafi, waƙafi da aya kuwa nakan yi musu alama da jan biro a muƙala ta farko ba tare da na rage maki ba, sai a ta biyu.