Taswirar yaƙin Burma da ake bugawa a kusa da kasuwar Wunti

Wani shagon buga takardu da ke kusa da kasuwar Wunti a Bauchi yana buga taswirar bango ta farmakin da Japan ta kai Imfal da Kohima, garuruwan Indiya kusa da iyakar Burma, a 1944, kuma malaman tarihi sun fara saye. Girmanta A1 ne, ana bugawa a kan takarda ko a kan ledar bana. Ɗauki ta takarda ka sa a yi mata laminetin. Ta ledar, ƙananan sunayen garuruwa sun dagule, kuma jan tawadar na koɗewa idan rana na dukan bangon aji.

Abin da ta yi daidai shi ne kibiyoyin. Uku ne, ɗaya ga kowace runduna ta Janar Mutaguchi na Japan, ta 15 da ta 31 da ta 33, daga yankin kogin Cindwin a watan Maris. Ɗalibi zai ga yadda aka datse hanyar Kohima, aka kewaye Imfal, sai ta jirgin sama ake kai wa mutanen Janar Slim, kwamandan sojan Ingila, abinci da harsashi, har aka buɗe hanyar ranar 22 ga Yuni.

Amma an manta da layin dogo na Dimafur, garin da ke bayan Kohima a Indiya, kuma wannan ba ƙaramin kuskure ba ne. Can ne rumbun kayan sojan Ingila yake a lokacin. Sojan Japan sun taso da guzurin kusan mako uku kacal, da nufin su ci na abokan gaba. Ba su samu ba, damina ta sauka, yunwa da zazzaɓi suka gama da su, suka ja baya a Yuli bayan asarar mutum sama da 50,000. Ramewar nan ce ta buɗe wa Slim hanyar Mandalay a Maris 1945, Rangun kuma ta faɗi a Mayu. In ba Dimafur a kan takarda, da me malam zai bayyana wannan? Tsaunuka ma launi ɗaya aka shafa musu, kamar fili ne.

Kwarin Kaladan da gaɓar Arakan, inda runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka fafata, wato su kakanninmu 'yan Burma, an matse su a kusurwar ƙasa. Kafin a buga, ce wa mai shagon ya ƙara musu girma a kwamfuta, ya saka Myohaung, garin da suka ƙwace a Arakan, sannan ka duba gwaji a ƙaramar takarda.